Mai Ƙyanƙyasar da Ya Toshe wa Na'urarsa Kunne

Kai da kake koyon wannan aiki, tsaya ka ji labarin wani mai injin ƙyanƙyasa. Matan unguwa ke kawo masa ƙwan zabi da na kaji, su dawo da kwando su kwashi 'yan tsaki. Mutum ne mai basira, wannan ba na musu. Da hannunsa ya haɗa 'yar na'ura mai naɗar bayanai, ya zura mata sensa mai jin zafi cikin injin. Ita sensa ba ta san lamba ba, wuta ce 'yar kaɗan take turowa ta waya gwargwadon zafi, na'urar ta mayar da ita digiri, ta rubuta, in zafin ya haura arba'in ta buga masa ƙararrawa a wayar hannu. To, bayan katangarsa akwai injin markaɗe. Duk sanda aka tayar da shi sai wutar sensa ta yi tsalle, ƙararrawa ta tashi, ya sheƙo a guje ya tarar lafiya lau. Maganin abin shi ne ya sake waya mai rufi, ya janye ta daga jikin bangon. Amma gwanin naka ya ga wannan wahala ce. Ya buɗe kwamfuta ya ƙara umarni ɗaya: duk karatun da ya wuce arba'in ƙarya ne, a jefar, a maimaita na baya. Daga ranar bai sake jin ƙara ba, har yana yabon kansa.

Ranar da ƙwan suka fara tsaga ɓawo, yana wurin suna a ƙauye, rana tsaka, ya duba wayar hannu. Layin zafi a miƙe sambal. Ya yi murmushi, ya kai loma, sai hannunsa ya tsaya. Zafin gaskiya ba ya zama haka, kullum yana ɗan hawa yana sauka. Ya miƙe zumbur. Ya bar takalmi ɗaya a bakin tabarma ya hau babur, yana gudu yana roƙon Allah ya sa wayar sensa ce ta tsinke. A ƙofar shago ya tarar da wata tsohuwa zaune da kwandonta, ta shimfiɗa tsumma a ciki. "Sannu da zuwa, ɗana," ta ce. "Da na iso ina jin kukansu, yanzu sun yi barci." Ya wuce ta ya buɗe shagon. Ya taɓa murfin injin, ya janye hannu ba shiri. Hita mai ɗumama ƙwan ce ta maƙale a kunne tun hantsi. Sensa ta faɗi gaskiya ba sau ɗaya ba, na'ura kuwa tana jefarwa, kamar yadda aka umarce ta. Ya buɗe, ga ƙananan bakuna sun leƙo daga ɓawo, ko ɗaya ba ya motsi. A saman injin allo na nuna talatin da tara, lafiya lau.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.