Gwiwar Yari Mai Fito

Gwiwar Yari ta dama ta kumbura tun farkon damina, ga shi kuwa da ƙafa yake neman abinci. Shi ke ƙetarar da mutane gulbin Rima a mashigin Goronyo, yini yake a tsaye cikin jirgi yana tuƙi.

Zamanin Turawa ne, mutane ba su saba da ɗakin magani na En'e ba. Amma yayarsa Ma'u ta taɓa zuwa da irin wannan ciwo. Malamin asibiti ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ta riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi, ta shafa man kaɗe, ta hutar da ƙafar, tana motsa ta a hankali. Sauƙin bai zo da sauri ba, amma ya zo. Ta roƙi Yari ya je, ya ce damina ba ta jiran mai jinya.

Ran kasuwa sai ga wani baƙo mai magani. Ya sa ƙarfe a wuta har ya yi jawur, ya ɗauko ya lasa. Aka ji cuuu, tururi ya tashi, ya fito da harshensa ba ko tabo. Tsofaffi suka ɗauki salati. Yari ya matsa gaba zai nuna masa gwiwarsa.

Ma'u ta riƙo rigarsa, ta ce, "Yari, don Allah taho mu tai gida."

Ya ce, "Yaya, wanda wuta ba ta ci ba, mi za ya gagare shi?"

Aka danne shi, baƙon ya yi masa sakiya da ƙarfen nan mai zafi, har cikin gaɓa. Ruwa ya tsiyaye, kumburin ya saɓe a gaban idon kowa. Yari ya miƙe ya taka, mutane suka riƙe baki.

Kafin kasuwa ta zagayo zazzaɓi ya kwantar da shi, gwiwar ta cika da mugunya. Baƙon kuwa ba wanda ya san inda ya nufa. A kan jaki aka kai Yari Wurno, daga can aka sa shi mota zuwa Sakkwato. Allura ta kashe zafin, aka ceci ƙafar, amma likita ya ce gaɓar ta riga ta lalace.

Gwiwar ta sandare kamar icce, ba ta sake lanƙwasuwa ba. Yari bai ƙara tsayawa cikin jirgi ba. Ko salla a zaune yake yi, ƙafa a miƙe.

Jama'a, abin al'ajabi ba shi ne magani ba. Ciwon gaɓa haƙuri yake so da mai sani. Kada ku yarda a huda ko a ƙona muku gaɓa, ku je asibiti tun ciwo yana ƙarami.