Notin da Baffa ya murɗa da zafinsa

Baffa, ƙanen mahaifina, ya yi mini ƙarya ina ɗan shekara sha ɗaya, kuma har yau abin yana cina.

Ranar daga lekol, wato makaranta, na wuce garejinsa a Titin Koudoukou. Noti ne ya karye a cikin injin babur ɗin Baba, wanda da shi muke ci. Baffa ya yi wa guntun walda don ya sami wurin kamawa. Ko ni na san sai an bari ya huce, a zuba baƙin mai, a juya a hankali. Shi kuwa yana sauri, ya murɗa da zafinsa, gefen injin ya tsage. Har yanzu ina jin ƙaurin man nan.

Baba na shigowa, Baffa ya nuna ni. "Yaya, ɗanka ne ya taɓa sifana."

Na rantse. Baba ya ce, "Ga ɓarna, ga ƙarya?" Bai sake yarda da maganata ba har ya rasu.

Bara Baffa ya zo neman yafiya, zai tafi Makka. Na ce, "Baffa, ka san inda Baba yake kwance. Je ka gaya masa gaskiya, sannan ka dawo wurina."