Na'urar Gashin Ɗan Fari

Kai dai ajiye wayar nan tukuna, na ga hoton. Tun ɗazu kake tura mini ita a hanci, wai wannan na'urar gasa jiki ta fi waccan zafi, waccan kuma tana da jar fitila. Na tambaye ka me likita ya ce game da ciwon bayan mahaifinka, ka ce ba ka tsaya ka ji ba. To zauna in ba ka misalin wani irinka, ko Allah zai sa ya shiga.

Wani ɗan kasuwar hatsi ne, mahaifiyarsa ta tsufa, gwiwarta ta ƙi lanƙwasuwa har ta koma yin salla a kan kujera. Wannan ya fi ciwon gwiwar damunta, ba ta da wani buri sai goshinta ya sake taɓa ƙasa. Aka kai ta asibiti, likita ya yi bayani dalla-dalla. In gwiwar ta sage da safe a sa mata ɗumi, ɗumi fa, ba zafi ba. In ta kumbura ta ɗau zafi, a naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora na ɗan lokaci. Ya ƙara da cewa tana da ciwon suga, fatar ƙafarta ba ta ji sosai, kada a bar ta da abu mai zafi ita kaɗai. Autarta ce ta ji wannan bayani, domin shi gogan yana waje yana cinikin masara a waya. Autar ta riƙa gasa mata da tsumma da ruwan ɗumi, kuma ka san mai gashi da tsumma, hannunta ne ke fara shiga ruwan, in ya yi zafi ita zai fara ƙonawa. Sauƙi ya soma samuwa a hankali. Shi kuwa da ya zo gaisuwa ya tarar da tsumma da tsohon kwano a gaban uwarsa, sai ya ji kamar an ce bai isa ba. Ya faɗa kasuwa ya ce a ba shi na'urar da ta fi kowace ƙarfi, irin wadda ake ɗaurawa a gwiwa a jona da wuta. Mai shago ya fara bayani, gogan ya ce masa ya naɗe kawai. Aka haɗa masa da jakar sanyi, shuɗiyar nan da ake daskarar da ita a firji. Ya kira mai gyaran wuta ya jawo waya daga sola har gindin gadon tsohuwa don kada ɗauke wuta ya katse gashi, ya murɗa makunnin har ƙarshe, ya liƙe shi da salatif wai kada jikoki su taɓa. A hankalinsa, in ɗumi magani ne, zafi ai magani biyu ne. Jakar sanyin kuwa, ya ce wa ya taɓa jin an sa wa tsohuwa ƙanƙara, ta ƙare a cikin kular zoɓon matarsa. Autar ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce ta koma ɗakin mijinta ta huta, aiki ya koma hannun inji.

Ga inda abin ya fi ba ni haushi. Shi ɗan fari ne. Uwar ko sunansa ba ta faɗa, ba ta haɗa ido da shi. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ya ce yaya jiki, ta ce da sauƙi tana kallon bango. Wannan tsohuwar ce za ta ce wa ɗan fari abin da ya kawo yana cutar da ita? Ko shi ne zai ɗaga zanen uwarsa ya duba gwiwa? Ta riƙa ɗaura abin bayan azahar, barci ya kwashe ta da shi a jiki. Gwiwa na kumbure tana neman sanyi, aka yi ta dafa ta kamar ganda. Da ta ga fatar ta yi duhu ta tashi bororo, sai ta ja zane ta rufe, washegari ta sake ɗaurawa, don kada ya zo ya tarar da kayansa a ajiye ransa ya ɓaci. Shi ma kullum yana jin da sauƙi yana komawa kasuwa yana yabon na'urarsa. Sai da autar ta zo yi mata wanki ta tarar zane ya manne da gyambo, har ya fara wari. Gyambo a ƙafar mai suga kuwa ba ya jin lallashi. Aka sha jinya a asibiti, da ƙyar aka ceci ƙafar, amma fatar gwiwar ta warke a tamke, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Har tsohuwar nan ta koma ga Allah a kan kujera take salla, kuma ko sau ɗaya ba ta ce laifinsa ne ba. Wannan shirun nata ya fi zagi ci masa rai.

Ban ce kada ka saya ba, saya. Amma fara komawa ka tambayi likita ko ɗumi bayan nan yake so ko sanyi. Nemi wadda ke kashe kanta in ta jima, ka ɗora ta a damtsenka ka ji kafin ta taɓa jikin tsoho, sannan ka sa wanda ba ya jin kunyarsa ya riƙa ɗaga riga yana dubawa. Mutumin nan yana son uwarsa, ba wanda ya ce ba ya sonta. Amma Hausawa sun riga sun gama magana: garin neman gira akan rasa ido.