“Babu” Sau Bakwai

Kin zo da takardar tambayoyinki, Malama Indo, kina so in zaɓa tsakanin “na yarda” da “ban yarda ba”, wai daga nan bincikenki zai gano abin da ke gyara shugaban makaranta da abin da ke kayar da shi. Ajiye biron tukuna. Shekara talatin na yi ina zagayen duba makarantu, kuma abin da na gani ba zai shiga waɗannan ’yan akwatunan naki ba. Bari in ba ki misali.

An yi wani shugaban makarantar firamare a wani ƙauye, mutumin kirki, wanda ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Yara sun fi ƙarfin azuzuwansa, har aji biyu a gindin dalbejiya suke karatu, in hadari ya taso a sallame su. Ya yi ta aika takardun roƙo, har Allah ya sa wani kamfani ya yarda zai gina masa azuzuwa uku. Kamfanin ya ba da kwangilar ga wani dattijo, abokin mahaifin shugaban, wanda ba ya kiransa da komai sai “ɗana”. Abu ɗaya aka ɗora wa shugaban: tunda shi ne a wurin, duk ƙarshen wata ya cike takardar rahoto, ya sa hannu, ya aika. A ƙasan takardar akwai tambaya guda: “Akwai matsala a aikin?”

Ranar da tifa ta fara juye yashi, shugaban ya je ya ɗebi cikin hannu ya damƙa. Ɗan magini ne, a gindin gini ya tashi, ya san yashin kogi ba ya riƙe kansa, kana buɗe hannu yake zubewa. Wannan kuwa ya dunƙule kamar curin fura, ya bar masa ja a tafi. Rabinsa laka ce, alhali yarjejeniya ta ce yashin kogi. Ya buɗe baki zai yi magana, sai dattijon ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ɗana, kun yi dace, sai a yi ta godiya ga Allah.” Kunya ta rufe shi. Bayan kunyar kuma akwai tsoro, domin ya ji labarin cewa kamfani ba ya son rahoto mai ƙorafi, yana iya ɗauke aikin ya kai wani gari, yaransa su dawwama a gindin bishiya. Ya goge hannunsa a bayan riga. Da wata ya ƙare, ya rubuta “Babu”. Wata na biyu ya ga ana ɗora bulo bai sha ruwa ya ƙoshi ba, ya rubuta “Babu”. Na ukun ma bai tsaya tunani ba, hannu ya riga ya saba. Sau bakwai ya rubuta kalmar nan, kuma kowane karo yana gaya wa kansa cewa don yara yake yi.

Gini ya tashi, aka shafa masa fenti shuɗi da fari, aka yi taro, aka ɗauki hoto. Kamfanin ya buga hoton a rahotonsa na ƙarshen shekara, aka aiko wa shugaban kwafi, ya rataye a ofis. Damina ɗaya ginin ya gani. A ta biyu filasta ta fara zuba, bango ya tsage daga tagar aji har ƙasa, wata safiya aka tarar ƙofa ta ƙi buɗuwa don samanta ya sauko. Injiniya ya zo, ya sa yatsa a bulo ya ga yana marmashewa, ya ce kada yaro ko ɗaya ya sake shiga.

Sai a lokacin bakin shugaban ya buɗe. Ya rubuta ƙara shafi huɗu, ya zayyana komai, tun daga yashin farko, yana neman a tilasta ɗan kwangila ya rushe ya sake. Kamfanin ya kira zaman sasanci. Dattijon bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba. Ya dai buɗe jakarsa ya jera kwafin takardun rahoton nan bakwai a kan tebur. Mai shugabantar zaman ya duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗago ya ce, “Malam, wannan hannunka ne?” Ya ce nasa ne. “Ranar da ka rubuta ta farko, ka riga ka ga yashin?” Ya ce ya gani. Daga nan babu sauran shari’a. Kamfanin ya ce an karɓi aiki bisa shaidar mutumin da aka sa ya duba, ya rufe maganar, bai kuma sake waiwayar garin ba.

Abin da ke ba ni baƙin ciki, Malama, mutumin nan bai ci ko allura ba. Da ya yi magana ranar da yashi yake tsibi a ƙasa, tifa ɗaya za a mayar, a ɓata rai kwana biyu, a wuce wurin. Ya bari sai da magana ta zama ta rushe azuzuwa uku, sannan ya nemi a saurare shi. Har ya ajiye aiki, kullum da safe yana wuce ginin da kwaɗo a ƙofa, ya je gindin dalbejiyar nan ya kira sunayen yara, ga azuzuwa uku a bayansu babu kowa a ciki.

Don haka in za ki rubuta wani abu a bincikenki, rubuta cewa shugaba ana gane shi ne ranar da ya damƙi yashi ya ga ja a tafinsa. Magina na da sun san ado ba ya kama bango sai yana ɗanye, shi ya sa Hausawa suka ce: tun ran gini, tun ran zane.