Kantar da Aka Yi da Ragowar Ƙusa

Bashi ya yi wa wani kafinta katutu, wanda abokansa ke kira Sai-Gobe, don duk aikin da ka kai masa amsar da za ka ji ke nan. Wurin Baba mai kanti na bakin layinsu ya ranci kuɗi ya sayi injin yankan katako, da sharaɗin in ya kasa biya injin ya zama na Baba. Da wannan injin yake ci da mace da yara uku.

Ranar da Baba ya fara yi masa tuni, Sai-Gobe ya dawo gida ya tara iyali kamar mai shirin yaƙi.

"Daga yau an tsuke bakin aljihu a gidan nan," in ji shi. "Ba sauran almubazzaranci!"

Ya kwance ƙwan lantarkin tsakar gida. Ya hana yara sukari a shayi. Sabulun wanka ma, wallahi da zarto ya raba shi uku. Matarsa ba ta yi musu ba. Ta daina hawa mota zuwa kasuwa, ta kama wankau da guga na maƙwabta, abin da ta samu ta kai wa Baba da hannunta. Hannuwan nata har sun tsattsage saboda ruwan sabulu.

To shi fa gogan? Nan ne abin haushin yake. Da yamma ta yi zai wanke jiki, ya fesa turare, ya nufi gidan kallon ƙwallo. Can zai sayi gasasshen nama da lemo, nasa da na duk wanda ya ce masa "Oga". Wayarsa kuwa ba ta taɓa kwana ba kati.

"Baban yara," matar ta ce masa wata rana, "mu muna shan shayi salam, kai kana dawowa kana warin albasa. Wannan wane irin tsimi ne?"

"Ke ba ki san harkar maza ba. A can ake samun masu ba da aiki."

"Wa ya taɓa ba ka aiki a can?"

"Ana kan magana."

Ana kan magana! Shekara guda ana kan magana, ko kujerar tsuguno ba wanda ya ce a yi masa.

Baba mutum ne mai sauƙin kai, kuma yana jin tausayin matar. Sai ya kira Sai-Gobe ya ce, "Yaro, ga hanya. Kantocin shagona sun tsufa. Ka yi mini sababbi daga ƙasa har sama, ladan aikinka in cire daga bashin. Ga kuɗin kayan aiki. Ka sayi busasshen katako mai kauri, ka san kayana da nauyi."

Jama'a, wace dama ce ta fi wannan? An kawo maka aiki har gida, an ba ka kuɗin kaya, bashi zai ragu da fiye da rabi. Amma da kuɗin suka shiga aljihun Sai-Gobe, sai dabarar tsiya ta zo masa. Ai shi ma tsimi yake yi! Ya sayi ɗanyen katako siriri mai araha. Inda ya kamata ya buga ƙusa huɗu ya buga biyu, su ma tsofaffi ne da ya miƙar da guduma. Tokaran da ke riƙe kanta daga ƙasa ya tsallake su. Ya lafta fenti mai sheƙi ya rufe komai. Rarar kuɗin kuma ba Baba ya mayar wa ba, ba gida ya kai ba. Sabon takalmi ya saya.

Matar ta leƙa wurin aikin ta ga katakon yana lanƙwasa tun ba a ɗora masa komai ba.

"Anya wannan zai ɗauki kaya?"

"Ke da guga kika sani, yanzu kuma kin zama kafinta? Je ki abinki."

Baba ya ga fenti yana walƙiya, ya sa albarka, ya jera kwalaben mai da gwangwanayen madara da katan-katan na sabulu har sama.

Ba a daɗe ba, wata safiya matar ta shiga shagon da kuɗin wankin da ta tara. Tana tsaye tana kwance bakin zane, sai aka ji ƙara ƙaƙas! Kantar sama ta ɓalle ta faɗo kan ta ƙasa, gaba ɗaya suka rufto. Ta ɗaga hannu don ta kare kanta. Mai ya malale har bakin titi, kwalabe suka tarwatse, ita kuma aka zaro ta, hannunta na dama ya karye wuri biyu.

Sai-Gobe ya iso da gudu cikin sabon takalminsa, santsin mai ya kusa kayar da shi. Baba ya ɗauki guntun katakon, ya matsa shi da farce, danshi ya fito. Ya juyo wurin Sai-Gobe.

"Na ba ka hanyar fita, ka mayar da ita rami," ya ce. "Yau za a zo a ɗauki injin. Asarar kayan nan kuma tana kanka."

A asibiti Sai-Gobe ya tsaya a gefen gado yana ta inda-inda. "Wallahi ragewa nake yi, don mu samu mu fita."

Matar ta dubi hannunta da aka naɗe, ta dubi ƙafarsa.

"Hannun da ke biyan bashin ke nan ka karya," ta ce. "Sai ka je takalmin ya biya."

Mai karatu, in bashi ya kama ka, fara yanke kashe kuɗi daga kwaɗayinka da son a sani, ba daga cikin iyalinka ko ingancin aikinka ba. Wanda ya ha'inci sana'arsa don ya rage bashi, ƙara shi yake yi, kuma sau da yawa marar laifi ne ke biya.