Farar Rigar Auta

Dattijon ikilisiya sai kai-komo yake a bakin kogi. Yau ake yi wa autarsa baftisma, ƙasa kaɗan da bututun masana'antarsa ta rini.

Ya jawo ta gefe. "Auta, mu koma coci, a yi miki a baho."

"Baba, da masunta suka kawo kuka, ba kai ka tashi gaban jama'a ka ce ruwan lafiya lau ba? Ni na yarda da kai."

Ta shiga kogin har ƙugu, mawaƙa suka ɗauki waƙa. Fasto ya nutsar da ita, ya ɗago ta.

Farar rigarta ta fito shuɗiya, launin da ya fi kawo masa ciniki.