Gyara Daga Asusun Marigayi Ja'afaru

Ranar da Ja'afaru ya kwana goma sha ɗaya a ƙasa, ana idar da la'asar, wayar Hanif ta yi ƙara. An turo gyaran manhaja daga asusun aikin marigayin na kwamfuta.

Sau uku Hanif ya karanta sunan. Shi fa da hannunsa ya zuba ƙasa a kabarin nan.

Su biyu suka kafa kamfanin. Hanif ne mai yawon asibitoci, Ja'afaru kuma mai manhajar, wadda ke nemo masu ba da jini idan mace ta zubar da jini wajen haihuwa. Kwana biyu ke nan manhajar ta tsaya cak, saƙo ba ya fita, asibitoci sai kira suke yi. Ma'aikatansu uku sun duba har idanunsu sun yi ja, sun rasa kanta. Yanzu ga ta tana aiki sumul.

Gyaran kuwa hannun Ja'afaru ne sak. Layuka gajeru, irin na mai aiki a ƙaramin allo, da ɗan bayaninsa na Hausa a gefe: "Nan ne ya maƙale, kar a taɓa."

Hanif ya ce a ransa ko ɓarayin intanet ne. To wane ɓarawo ne zai haura gida ya yi maka shara ya fita? Laftof ɗin Ja'afaru na ofis yana kulle a durowa, dama can ado ce. Mutumin nan bai taɓa gyara komai a ofis ba. Kome gaggawa sai ya ɗauki makullin mota ya ce, "Bari in je gida, kaina ya fi ja a 'yar kwamfutar hannuna." Har tsiya suke masa.

Washegari wani gyaran ya shigo. Rana ta uku ma haka, kullum tsakanin la'asar da magariba. Ofis ya yi tsit, babu mai yarda ya wuce ta gefen kujerar marigayin. Ɗaya daga ma'aikatan ya ce zazzaɓi yake yi, bai sake zuwa ba. Hanif kansa tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Ya yanke shawarar rufe asusun. Ya san idan ya rufe, manhajar ta sake tsayawa, babu mai tayar da ita, kuma wata na iya rasa ranta a gadon haihuwa. Amma sunaye da lambobin wayar masu ba da jini dubu takwas ne a ciki. Ba zai bar su a hannun abin da bai sani ba, mutum ne ko aljan.

Kafin ya rufe, ya ga ya kamata ya karɓo kwamfutar hannun. Ya nufi gidan marigayin a Nassarawa GRA.

An naɗe tabarmin zaman makoki, sai ganyen darbejiya a tsakar gida. Najla, matar marigayin, tana takaba. Tun rasuwar, gaisuwa daga nesa ce kawai tsakaninsu, don wa zai tsare mai takaba da maganar aiki? Gwaggonta ta yi masa iso zuwa falo, ta zauna a gefe.

Najla na kan darduma cikin dogon hijabi, ta rame sosai. Hanif ya sunkuyar da kai, ya sake yin ta'aziyya, sannan ya yi ta kame-kame.

"Hajiya, ki gafarce ni, ban so in tayar miki da hankali ba. Asusun marigayi ne yake motsi. Wallahi na rasa gane ko mene ne. Yau zan rufe shi."

Najla ta dubi gwaggonta, ta dubi ƙasa, hawaye na zuba.

"Don Allah kar ka rufe, Malam Hanif," in ji ta. "Ba ni da wani asusun. Shekara shida ni ke rubuta manhajar nan da sunansa. Shi, Allah ya jiƙansa, ko layi ɗaya bai iya ba."